Jan Iri a Tukunyar Matta

A shekarun da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, lokacin da sabulu da madarar gwangwani suka zama abin bin layi, Dakta Ilisha ya dawo gida Saulawa da akwatin katako ɗaure a bayan babur, yana tafiya sannu-sannu kamar mai dakon ƙwai. An rufe jami'ar da yake koyarwa bayan ɗalibai sun yi bore, aka kulle ɗakin bincike, aka yanke wuta, firjin da yake ajiya a ciki ya koma kabad. Abin da ya iya tsira da shi ke nan, wasu ƙananan kwalabe masu toshiyar auduga, kowace da wani abu ja-ja kwance a gindinta.

Yis ne, ɗan'uwan wanda mata ke sa wa ƙullun waina ya tashi, amma wannan ba a kanti aka sayo shi ba. Ilisha ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa. Yis abu ne mai rai, ido ba ya ganinsa sai ya taru da yawa, yana ci, yana haihuwa, yana gadar wa 'ya'yansa halinsa. Aikin Ilisha shi ne ya ɗauko mai jure zafi ya haɗa shi da mai jure ƙarfin barasa, ya zauna yana tankaɗe 'ya'yansu da jikokinsu, har ya samu wanda zai cinye zaƙin ruwan rake tas a tsakiyar bazara bai mutu ba. Abin da yake fitarwa, in an tace shi da wuta, yana tayar da inji. Ilisha kan tsaya ya dubi gonakin rake tun daga Makarfi har Kudan, shi mai yake gani a tsaye yana kaɗawa da iska, ga mutane kuma suna ta kokawa da jarka a gidan mai. Don kada nasa ya ɓace cikin sauran, ya dasa masa alama a cikin gadonsa. Duk inda ya hayayyafa, sai ya kwanta ja.

Duk wannan ya bayyana wa uwarsa, Mama Cecilia, a tsakar gida, ita kuwa ta saurara hannu a ƙugu. Mama Cecilia ce shugabar zumuntar mata, mace ce da in ta yi gyaran murya a coci har fasto sai ya duba ko maɓallin rigarsa daidai yake. Abu biyu ta tsana a duniya, ƙazanta da giya.

Ta ce, "Wato aure kake ɗaura musu."

"Kusan haka ne, Mama."

"Ka aurar da kunu har ya yi jikoki, kai kana nan tuzuru."

Ta ɗauki kwalba ɗaya, ta kai hanci bakin audugar, ta ɗan daɗe a haka, sannan ta ajiye. Ilisha bai kula ba, hankalinsa na kan kada ta tambaye shi me ake kiran abin kafin ya zama mai. Ya jera kwalaben cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ya roƙi kowa da girman Allah kada a taɓa.

Haka suka zauna har damina ta yi nisa. Yis ba ya zama da yunwa, lokaci-lokaci sai an dafa masa sabon ruwan rake an sauya masa kwalba. Ruwan kuwa a wajen Sa'idu mai mazarƙwaila Ilisha ke samu, can Makarfi, inda doki ke zagaya injin matsa tun safe. Wata Juma'a ya tafi ɗebowa, mai ya ƙare masa, dole ya kwana. Gari ya waye Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar gari, ranar da ko kaza ba ta isa ta tsallaka titi ba sai an gama shara.

A Saulawa labari ya iso cewa Halliru duba-gari na tafe daga Ikara da soja ɗaya a bayansa. Halliru ba ya kallon tsakar gida, randa yake nufa kai tsaye, ya zura ludayi, ya leƙa bayanta. Watan da ya wuce ya tarar da tsutsa a randar maƙwabta, aka sa maigidan tsallen kwaɗo a gaban surukinsa. Mama Cecilia ba a taɓa kama gidanta da ko tsinke ba. Ta leƙa bayan randarta, ta ga kwalabe jere da jan abu mai kumfa da tsami, ta hango a ranta Halliru yana ɗaga ɗaya sama don jama'a su gani. Nan take ta ɗora ruwa a wuta, ta ɗebo toka da soso.

Da la'asar Ilisha ya shigo da jarkar ruwan rake a kafaɗa, ya tarar da kwalabensa kife a kan tsinken danga suna ƙyalli. Ba su taɓa yin kyau haka ba.

"Mama, na ce kada a taɓa."

"Da ka so a sa uwarka tsallen kwaɗo? Ai kwalabenka na nan, ko ɗaya ban fasa ba. Sai ka dama wani."

Ilisha ya ajiye jarkar, ya zauna a kan turmi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta ga rana ko da ɗigo ya saura, amma Mama Cecilia ba ta wanki rabi da rabi. Baƙin ciki ya danne shi, don wannan ne kaɗai ya rage a duniya, kuma ba abu ne da ake damawa ba. Da uwar ta ga fuskarsa sai jikinta ya yi sanyi. Ta shige madafa. Ranar ya samu nama a miya fiye da na Kirsimeti, bai ci ba.

Ya yi makonni yana yawo a gari kamar wanda ya tashi daga jinya. Wata rana yana layin mai a Ikara, jingine da babur, sai ya ji mutum biyu a gabansa suna hira ƙasa-ƙasa.

"Ka ɗanɗana ta Matta ta Gubuchi kwanan nan?"

"Ni kam na tuba. Ƙwarya ɗaya na sha, na hau keke zan tafi gida, aka tsince ni a gonar rake ina ba keken haƙuri."

"Daga Kudan ma zuwa ake yi. Sun ce asiri ta yi. Ka duba gindin ƙwaryar, ja ne kamar an tauna goro an tofa."

Ilisha ya tuna da alamar da ya dasa wa yis ɗinsa. Ya bar layin da ya wuni yana bi, ya jingine babur a shagon wani tela, ya hau motar Makarfi mai bi ta Gubuchi.

Matta ƙanwar Mama Cecilia ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu mai dafa burukutu ce, da ta rasu Matta ta gaji tukwanen, Cecilia kuwa ta ɗaura zanen zumunta ta rantse ba ta ba gidan giya. Tun Ilisha na firamare ba wanda ya sake ganin su sun gaisa, ko a wajen biki kowace gefenta take zama. Abin da Ilisha bai taɓa faɗa wa uwarsa ba shi ne, kakan kakan yis ɗinsa, mai jure zafin nan, daga tukunyar Matta ya ɗebo shi yana ɗalibi, a ɓoye, ta wata 'yar kafa da ke bayan rumbu.

Yau ma ta nan ya shiga. Ya tarar da maza zaune a kan kututture ƙarƙashin rumfa, kowa da ƙwaryarsa, hira na fita a hankali kamar kowa na tsoron harshensa. Matta na tsaye kan wata ƙatuwar tukunya da muciya, gajeriya ce mai dariya a ido. Ilisha ya durƙusa zai fara gaisuwa, ta ɗaga masa hannu.

"Bari in sauke wannan, ɗana, mu gaisa da kyau. Zauna. A ba Dakta ƙwarya, ɗana ba ya saya."

Aka miƙo masa. Ya karkata ƙwaryar, ya ga jan ya kwanta a gindi. Nasa ne, ko cikin barci zai gane shi. Sai dai jan ya fara kodewa, yis ɗin gari na cuɗanya da shi, kowace sabuwar dahuwa na ƙara cinye shi. In aka ja lokaci ba abin da zai saura. Ya zaro 'yar kwalba daga aljihu a hankali, bai kai ga buɗewa ba muciya ta sauka a gabansa.

"A gidan nan a ciki ake fita da ita, ba a kwalba ba. Matan garin nan sun aiko mini 'yan leƙen asiri har na gaji, kowace so take ta sace mini iri."

Ilisha ya mayar da kwalbar. Bai taɓa kai giya bakinsa ba tunda aka haife shi, amma mai ilimi ba ya rasa dabara. Ya jira ta juya baya, ya kaɗa ƙwaryar, ya cika kumatunsa taf da gindin, ya miƙe ya nufi bayan rumbu. In ya fita sai ya juye a kwalba, shi ke nan.

"Ilisha," in ji Matta daga bayansa, "ai ba mu gaisa ba."

Ya tsaya. Ta goge hannu da zane, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta gyara zama sosai.

"Ina gajiyar hanya?"

Ya durƙusa, ya gyaɗa kai.

"Da kai ake amsa wa uwa yanzu a jami'a?"

Kowa a rumfar ya juyo. Ilisha ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rufe ido ya haɗiye. Abin ya bi maƙogwaronsa da ɗumi har cikin kunnuwa.

"Ba gajiya, Inna."

"Madalla. Ya aiki? Ya ruwa? Ya mutanen Saulawa? Ya babur?"

Sai da ta tambayi lafiyar kowa har awaki, shi kuma yana amsawa yana jin ƙasa na ɗan karkata. Sannan ta ja shi gefe, inda masu sha ba za su ji ba.

"Kai da uwarka hali ɗaya. Duk ta bayan rumbu kuke shigo mini. Ka zaci ban gan ka ba shekarar da ka zo da 'yar kwalbarka ka tsoma mini a tukunya? Na ce bar shi, yaro ne, gidansu ne."

"Mama na zuwa nan?"

"Duk ranar kasuwar Makarfi. Ta lulluɓe kai, ta ajiye mini daddawa ko ɗan gishiri, ta yi mini faɗa, ta fice. Ita ta kawo mini wannan irin a cikin gwangwanin madara."

Ilisha ya roƙe ta. Ya yi mata bayanin rake da inji da layin mai, ya ce cokali ɗaya kawai yake so, ya ce rayuwarsa ce a tukunyar nan. Matta ta saurara har ya gama, dariyar idonta ta ɗan ja baya.

"Iri ba a sayar da shi, ba a kuma ba ɗan aike. Hannun da ya kawo shi ne ke karɓa. Haka Innarmu ta yi, haka uwarta ta yi. Yaya ta zo da kanta, da rana, ta zaure, ta yi sallama kowa ya ji. Na gaji da 'yar'uwar bayan rumbu."

Ilisha ya yi barci a gindin wata ɗorawa kafin ya iya neman mota. Da ya isa gida ya tarar da uwarsa tana ɓarar gyaɗa. Ya zauna kusa da ita, ya ce daga Gubuchi yake. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Ɗakin Matta ne ya yi yoyo, irinta ya yi fumfuna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Dahuwa bayan dahuwa tana zubarwa. Ba miji, ba gona. Cokali ɗaya na ɗiba, tun kafin wankin nan."

"Na ce miki mai ne."

"Kai ka ce mai. Ni a gindin tukunya aka haife ni."

Ya faɗa mata sharaɗin Matta. Dukansu sun san abin da yake nufi. Shugabar zumunta ta shiga gidan giya da rana tsaka ta fito da ƙwarya, kafin Lahadi labari ya isa kunnen Dattijo Julius, dattijon ikilisiya, wanda ya daɗe yana ganin kujerar ta fi dacewa da matarsa. Sunan da ta yi shekaru tana wankewa kamar randarta zai tafi a wuni ɗaya. Ilisha ya dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta, tausayinta ya kama shi.

"A bar shi, Mama. Zan sake daga farko."

"Wa ya tambaye ka?" Ta tura masa faifan. "Ɓare."

Ran Lahadi bayan sujada, Mama Cecilia ta yi gyaran murya, ta sanar wa mata cewa zumunta ta daɗe tana wa'azi ga waɗanda suka riga suka ji. Ranar kasuwa mai zuwa za a kai bishara Gubuchi, gidan da ya fi kowane buƙata. Ta kuma ce kada wadda ta faɗa wa mijinta, don aikin Ubangiji ba ya son surutu.

Ranar suka cika a-kori-kurar wani direba Bobbo, kowace da zanen zumunta, da tulunan kiɗa da caki. Ilisha ya maƙale a baya da akwatinsa a cinya. A bakin garin Gubuchi suka sauka suka jeru, Mama Cecilia a gaba, suka ɗauki waƙa har zauren Matta. Rana na tsaka. Mama Cecilia ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda har kasuwa za a ji.

"Salama a gare ku, masu gida."

Mazan da ke ƙarƙashin rumfa sun riga sun gane muryoyin, don rabinsu da su suke kwana. Tun da labarin jar giya ya bazu, mutanen Saulawa suka gano cewa suna da harkoki da yawa a Makarfi ranar kasuwa. Ƙore suka kife, takalma suka watse, kowa ya nufi 'yar kafar bayan rumbu, wadda mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a karkace. Dattijo Julius, wanda ya bar gida da cewa zai je Kudan neman takin zamani, ya ga cunkoson ya yi yawa, ya zaɓi danga. Babbar rigarsa ta sarƙe a tsinke, ya rataye a nan ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Matarsa ce ke kaɗa tulu a sahun gaba. Kiɗan ya tsaya.

Mama Cecilia ta dube shi sama da ƙasa, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ya taki. Daga nan ta san ba mai ɗaga mata murya a coci, bana ko baɗi. Ta juya ga ƙanwarta.

"Matta, ga ni ta zaure. Na zo karɓar irin da na ara miki."

Ta faɗe shi a fili, gaban matan zumunta duka. Matta ta shiga ɗaki ta fito da 'yar ƙwarya rufe da faifai, ta rusuna ta miƙa da hannu biyu. Mama Cecilia ta buɗe, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Kin bar shi kusa da murhu. Inna ba ta yi haka."

Matta ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja bakin zane ta share ido. "Rabon da ki ce Inna a gabana, Yaya, har na manta."

Mama Cecilia ta kawar da kai. Ta miƙa wa Ilisha ƙwaryar ta bayan kafaɗa. "Karɓi jikokinka. In ka sake ajiye mini su a bayan randa, sai na wanke."

Ilisha ya karɓa, ya juya ga haske. Jan ya kode, amma yana nan, ƙananan kumfa na tasowa daga gindi ɗaya bayan ɗaya. Zai iya tsince shi. Farin ciki ya cika shi, ya tsuguna a gefen rumbu ya buɗe akwati ya shiga cika kwalabensa.

Da ya ɗago, matan zumunta na can suna kwance dattijo daga danga, kowace kuma na leƙen takalman da aka bari ko za ta gane na gidanta. Uwarsa ba ta cikinsu. Ta share kututturen masu sha da gefen hannu, ta zauna a kai da zanen zumuntarta, ta miƙe ƙafa.

"Kawo mini ruwa," ta ce wa ƙanwarta. "Ruwa na ce. Kuma ki sa a toshe kafar nan ta bayan rumbu, ta isa haka."